Masu Zumar Dajin Mau da Kujerar Taron Duniya

A watan Oktoba na 2009, hukumar gandun daji ta Kenya ta bai wa ƙabilar Ogiek wa'adin kwana 30 su tattara nasu ya nasu su bar dajin Mau. Hujjarta mai daɗin ji ce: Mau ne babbar matattarar ruwan ƙasar, daga can kogin Mara da wasu koguna suke tasowa, ga shi dajin yana ƙarewa, don haka a fitar da mutane a ceci itatuwa.

To, su wa ake kora? Ogiek mafarauta ne, masu sana'ar zuma tun kaka da kakanni. Sukan fafe gungumen itace su yi amya, su rataye ta can ƙololuwar bishiya. Kowace zuriya tana da yankinta a dajin, kuma ba mai taɓa amyar wani. Zuma ce abincinsu, da ita ake biki, da ita ake neman aure. Wanda cinsa da shansa suka rataya ga furen bishiya ba shi ne zai fara ɗaga mata gatari ba.

Haka Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha, a Tanzaniya, ta gani. A hukuncinta na 26 ga Mayu, 2017, ta ce Mau ƙasar gado ce ta Ogiek, kuma Kenya ba ta kawo shaidar cewa su ne suka lalata dajin ba. Ɓarnar ta fi fitowa ne daga filayen da gwamnati da kanta ta yanka ta raba, da lasisin saran katako, da masu kutse daga waje.

Ra'ayin cewa daji ba ya tsira sai an raba shi da mutanensa tsoho ne. Da shi aka tafiyar da gandun Yellowstone na Amurka, wanda aka kafa a 1872, Turawan mulkin mallaka kuma suka shigo da shi Afirka. A takarda dai an daɗe da juya masa baya. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙudurin haƙƙin 'yan asalin ƙasa, wanda ya ce ba a tashin su daga ƙasarsu sai da yardarsu, bayan an yi musu cikakken bayani. Kenya ta ƙaurace wa wannan ƙuri'a, haka ma Najeriya. Daga baya muryar 'yan asalin ƙasa ta ƙara ƙarfi. Hindou Oumarou Ibrahim, Bafulatana daga Mbororon Chadi, ta yi jawabi a bikin sa hannu kan yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris a 2016. A taron sauyin yanayi na Glasgow, a 2021, aka yi alkawarin dala biliyan 1.7 don tallafa wa haƙƙinsu na mallakar ƙasa. A birnin Kali na Kolombiya kuwa, a 2024, aka kafa musu zaunannen kwamiti a ƙarƙashin yarjejeniyar kare halittu.

Wannan ci gaba ne, ba musu. Sai dai a ganina an ba su tabarma a zaure ne, makullin gida yana hannun gwamnatoci. Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne alkawarin da ƙasashe suka ɗauka a Montreal a Disamban 2022, na killace kashi 30 cikin 100 na tudu da teku kafin 2030. Yarjejeniyar ta ambaci haƙƙin 'yan asali, amma kowace ƙasa ita ke shata nata gandun, kuma wuraren da suka rage da albarkarsu galibi su ne inda irin su Ogiek suke zaune.

A Yunin 2022 kotun Arusha ta umarci Kenya ta biya Ogiek diyyar sama da shilin miliyan 157, ta shata musu ƙasarsu, ta ba su takardar mallaka ta bai ɗaya. Kotun ba ta da 'yan sandan da za su tilasta hakan. A Nuwamban 2023, makonni kaɗan kafin taron sauyin yanayi na Dubai, jami'an gandun daji suka shiga Sasimwani, a cikin Mau, suka rushe gidajen Ogiek, suka cinna wa wasu wuta.