Filamboyan: Yadda A Ke Gane Shi Da Yadda A Ke Shuka Shi

Duk wanda ya bi ta Rayfield da bazara, watau wajen watan Maris zuwa Mayu, lalle ya ga wani itace mai faɗin kai kamar laima, ya yi ja wur da furanni sai ka ce wuta ta kama shi. Sunansa filamboyan, masana kuwa suna ce da shi Delonix regia. Da ya ke yawancinmu za a tura mu makarantun da ba su da inuwa, ya kamata mu san shi sosai.

Asalinsa daga tsibirin Madagaska ne. A shekarar 1829 aka fara rubuta bayaninsa a Ingila, amma sai a 1932 masana suka same shi yana tsirowa da kansa a dazuzzukan yammacin tsibirin. Yanzu ya bazu a ƙasashe masu zafi duka. Danginsu ɗaya da wake da gyaɗa da tsamiya da ɗorawa, gama dukansu a cikin kwanso su ke yin 'ya'ya. Amma fa saiwarsa ba ta ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar ta wake da gyaɗa. Don ado da inuwa a ke shuka shi.

To, yaya za ka gane shi? Da fari dubi furen. Kunnuwansa 5 ne, 4 jajaye, na biyar ya fi girma, da ratsin fari da rawaya. Sa'an nan dubi ganyen. Tsawonsa ya kan kai inci 20, ya rarrabu ƙanana ƙanana kamar na ɗorawa. Na uku kwanson, mai faɗi, mai tauri kamar katako, tsawonsa har ƙafa 2. In ya bushe ya kan daɗe yana reto a bisa, yara su kan karkaɗa shi kamar caki.

A nan Jos akwai wani itace da a kan rikita su, shi ne jakaranda, wanda asalinsa Amurka ta Kudu ne. Ganyensu ya yi kama ƙwarai, amma furen jakaranda shuɗi-shuɗi ne, kwansonsa kuma gajere ne, kewayayye. Ganyensa biyu biyu su ke fitowa suna fuskantar juna, na filamboyan kuwa ɗaya ɗaya. Jakaranda ba dangin wake ba ne ko kaɗan.

Ga yadda a ke shuka shi. Ɓawon ƙwayarsa tauri gare shi, in ka jefa ta ƙasa haka nan sai ta yi watanni ba ta tsiro ba. Saboda haka ka tafasa ruwa, ka sauke, ka zuba irin, ka bar shi ya kwana ciki. Ko kuwa ka goga gefen kowace ƙwaya a kan dutse. Ka shuka a leda ko gwangwani mai huda a gindi, cikin mako ɗaya ko biyu sai ka ga tsiro. In damina ta kankama, wajen watan Yuni, sai ka dasa. Ka haƙa rami ƙafa 2 zurfi, ƙafa 2 faɗi, ka gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Wannan wajibi ne a Rayfield, inda haƙar kuza ta birkita ƙasa a wurare da yawa. Kada ka dasa inda ruwa ke kwanciya. Ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ka lura da gara, ka riƙa ba shi ruwa a rani na fari da na biyu. In ya zubar da ganye lokacin hunturu kada ka ce ya mutu, halinsa ke nan. Fure kuwa sai ya shekara 4 ko 5, wani ma ya fi haka.

Saura babban gargaɗi. Saiwar filamboyan ba ta nutsawa ƙasa sosai, sai ta bi ta sama ta bazu nesa. Ta kan tsaga bango da daɓe da kwalbati, ta hana shuka yin kyau a gindinsa. Rassansa kuma ba su da ƙwari, iskar farkon damina ta kan karya su. Malamin da ya dasa shi jikin aji, shekara 10 nan gaba wani ne zai biya kuɗin gyara, ko kuwa a sare itacen bayan duk wahalar da aka sha. Don haka a ba shi ratar ƙafa 30 ko fiye daga kowane gini ko rijiya. Bakin filin wasa da gefen hanya su ne wurarensa.

Shawarata ita ce, kowane ɗalibi ya tsinci kwanso ɗaya ya ajiye. Ƙwayoyin da ke ciki sun isa aji guda. In ka je makarantarka, ka ba kowane yaro ƙwaya, ya shuka, ya riƙa auna tsawonta kowane wata yana rubutawa. Ka ga an sami darasin kimiyya da na lissafi, na bayanmu kuma su sami inuwa.