Ƙa'idar Fourier ta Yaɗuwar Zafi da Amfaninta ga Kimiyya da Aikin Injiniya

Sau da yawa ɗalibin da ya shiga jami'a domin koyon aikin injiniya, ko likitanci, ko aikin gona, yakan tambayi dalilin da ya sa ake tilasta masa zurfafa cikin lissafi, alhali kuwa abin da ya zo nema shi ne sanin gini, ko magani, ko shuka. Haka kuma ma'aikacin gwamnati wanda aka kawo wa rahoton masana cike da lambobi yakan rasa yadda zai yi da shi: ko dai ya amince da shi ido rufe, ko kuwa ya ajiye shi ƙura ta rufe. Tarihin wata ƙa'idar lissafi guda ɗaya, wadda aka haura shekara 200 ana aiki da ita, ya isa ya ba su amsa su biyun.

Mai wannan ƙa'ida shi ne Joseph Fourier, mutumin Faransa, wanda aka haifa a garin Auxerre cikin 1768. Ya bi Napoleon zuwa Masar cikin 1798, kana cikin 1802 aka naɗa shi shugaban lardin Isère, muƙamin da ya yi kama da na Razdan. Yana fama da aikin mulki, da gina hanya, da tsane fadama, amma bai bar binciken yadda zafi ke ratsa abubuwa ba. Cikin Disamba 1807 ya miƙa sakamakonsa ga majalisar masanan Faransa a Paris. Shahararren malamin lissafi Lagrange bai gamsu da hujjojinsa ba, saboda haka sai cikin 1822 cikakken littafinsa ya fito.

Ƙa'idar ta tsaya ne a kan abu biyu waɗanda kowa ya sani. Na farko, zafi yana tafiya daga wuri mai zafi zuwa wuri mai sanyi, kuma gwargwadon bambancin da ke tsakanin wuraren biyu, gwargwadon ƙarfin tafiyarsa. Na biyu, zafi ba ya ɓacewa a hanya: abin da ya shiga wani ɗan yanki, in aka debe abin da ya fita, shi ne ya rage yana ɗumama yankin. Da Fourier ya haɗa waɗannan biyu da lissafin sauye-sauye, watau kalkulas, wanda Newton da Leibniz suka kafa cikin ƙarni na 17, sai ya sami jumla ɗaya ta lissafi. Ma'anarta ita ce, kowane ɗigo cikin abu yana ƙara zafi idan maƙwabtansa sun fi shi zafi a jimlace, yana kuma hucewa idan ya fi su. Abin da ya raba jan ƙarfe da laka lamba ɗaya ce kurum, wadda ke nuna saurin yaɗuwar zafi cikin kowannensu.

Har ila yau Fourier ya kawo dabarar warware jumlar. Ya nuna cewa hawa da saukar zafi, kome rikicewarsa, ana iya tsinka shi zuwa kaɗawa masu sauƙi, kowace da nata tsayayyen lokaci, a warware kowace ita kaɗai, sa'an nan a tara amsoshin. Misalinsa kamar mai sauraron kiɗan fada ne, wanda ke jin ganga da algaita da kakaki a haɗe, amma kunnensa yana iya ware muryar kowanne. Wannan batu ne Lagrange ya yi wa shakka, kuma sai cikin 1829 Dirichlet, mutumin Jamus, ya tabbatar da sharuɗɗan da dabarar ke inganta a kansu.

Babban abin da ƙa'idar ta bayyana shi ne dangantakar kauri da lokaci. Idan aka ninka kaurin abu sau biyu, lokacin da zafi zai ɗauka ya ratsa shi zai ninka sau huɗu. In sau uku ne, sau tara. Mai girki da ke yanka doya ƙanana domin ta nuna da wuri, da wannan take aiki. Haka ma maginin gargajiya. Cikin ƙasa irin wadda aka saba gani, bambancin zafin dare da rana yana raguwa zuwa wajen sulusinsa a kowace santimita 10 ko fiye kaɗan, yana kuma isa a makare. Shi ya sa soro mai kaurin bango yake da sanyi da tsakar rana, gama zafin da ya bugi bayan bangon da azahar ba ya isa ciki sai bayan sa'o'i da dama, ya riga ya yi rauni. Rufin kwano kuwa, da yake siriri ne, nan take yake miƙa zafinsa. Sauyin zafi na shekara ya fi na yini tsawon lokaci sau 365, saboda haka ya fi shi nitsewa cikin ƙasa wajen sau 19, domin 19 sau 19 shi ne 361. In aka wuce wannan zurfi, ƙasa ba ta san rani da damina ba, dalili ke nan ruwan rijiya mai zurfi ake jinsa da ɗumi da hunturu, da sanyi kuma da bazara.

Da ƙa'idar ta tsaya a kan zafi kaɗai, da amfaninta bai kai haka ba. Cikin 1854 William Thomson na Jami'ar Glasgow, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya gane cewa saƙon lantarki yana bazuwa cikin wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku kamar yadda zafi ke bazuwa cikin sandar ƙarfe. Ya yi gargaɗi cewa in tsawon waya ya ninka sau biyu, jinkirin saƙo zai ninka sau huɗu, kuma maganin abin shi ne a ƙara kaurin jan ƙarfen da na danƙon da ke lulluɓe shi. Wayar da aka shimfiɗa a Tekun Atlantika cikin 1858 siririya ce. Saƙon Sarauniya Victoria zuwa ga shugaban Amurka, mai kalma 98, ya ɗauki wajen sa'a 16 kafin ya gama isa, kuma da aka matsa wa wayar da lantarki mai ƙarfi, ta mutu cikin makonni kaɗan. Wadda aka shimfiɗa cikin 1866 ta fi kauri ƙwarai, ta kuwa yi aiki.

Cikin 1855 Adolf Fick, masanin aikin jiki, ya ari jumlar Fourier domin bayyana yadda gishiri ke bazuwa cikin ruwa, kuma da ita ake fahimtar yadda iskar numfashi ke ratsawa daga huhu zuwa jini. Cikin 1925 Karl Terzaghi ya wallafa littafin da ya kafa ilmin ƙasar gini, inda ya nuna cewa gini a kan yumɓu yana nitsewa sannu a hankali domin nauyinsa yana matse ruwan da ke cikin yumɓun, ruwan kuwa yana fita bisa wannan ƙa'ida. Saboda haka idan shimfiɗar yumɓu mai kaurin mita 2 za ta gama lotsawa cikin shekara guda, irinta mai mita 10 sai ta yi shekara 25. Cikin 1935 kuma Charles Theis, ma'aikacin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya yi amfani da ita a kan rijiyoyi. Akan ja ruwa daga rijiyar burtsatse ba tsayawa, a riƙa auna yadda ruwa ke sauka cikin wata rijiya ta kusa, kana a lissafta yadda zai sauka nan da shekaru, da kuma tazarar da ta kamata a bari tsakanin rijiyoyi don kada su shanye wa juna ruwa.

Amma fa wajibi ne a san iyakar lissafi, kuma Thomson ɗin nan shi ne misali. Cikin 1862 ya ɗauki ƙa'idar Fourier domin ƙididdige shekarun duniya. Ya ƙaddara cewa duniya ta faro ne a narke, ta daskare, tana hucewa ta hanyar ratsawar zafi kaɗai, kuma ba wani sabon zafi da ke samuwa a cikinta. Amsarsa ta faɗa tsakanin shekara miliyan 20 da miliyan 400. Cikin 1895 John Perry, wanda ya taɓa zama mataimakinsa, ya nuna cewa idan cikin duniya yana motsi yana ɗauko zafi zuwa sama, to shekarun za su fi haka nesa ba kusa ba. Cikin 1903 aka gano cewa sinadarin radiyam yana fid da zafi da kansa, kana cikin 1956 Clair Patterson ya auna shekarun duniya ya sami wajen miliyan 4,550. Ba a sami kuskure cikin tarawa da debewar Thomson ba. Abubuwan da ya ƙaddara tun farko ne ba su dace da yadda duniya take ba.

Zuwan kwamfuta ya sauƙaƙa aikin ƙwarai, musamman tun 1965 da James Cooley da John Tukey suka wallafa hanya mai sauri ta yin lissafin Fourier, wadda ake amfani da ita wajen sarrafa sauti da hoto da saƙonnin waya. Duk da haka kwamfuta abin da aka ba ta take lissaftawa, ba ta tambayar ko gaskiya ne.

Saboda haka ɗalibin da ya ƙware a wannan ƙa'ida ɗaya ya riga ya sa ƙafa cikin aikin gini, da na ruwa, da na lantarki, da na likita. Ma'aikacin da aka kawo wa rahoto kuwa ba lalle ne ya iya kalkulas ba, amma yana da ikon yin tambaya uku kafin ya sa hannu: me aka ƙaddara kafin a fara lissafin, a ina aka auno lambobin da aka yi aiki da su, kuma an gwada amsar da abin da aka gani a fili? Idan batun rijiyoyin burtsatse ne, sai ya nemi a nuna masa takardar gwajin jan ruwa. Idan na gini ne, sai ya nemi sakamakon haƙar gwaji da ya nuna kaurin yumɓun da ke ƙarƙashin filin.