Faifai ko intanet: Rigimar zaɓen na'urar kallo a Bakura

Kuɗin shinkafa sun shigo, angwaye da magidanta sun nufi kasuwa neman na'urar kallo ta zamani. Sai dai abin da aka rubuta a jikin kwali daban, abin da iyali za su gani a falo daban.

DUK wanda ya san yankin Bakura, Talata Mafara da Maradun ya san cewa idan manoman Bakolori suka kwashe shinkafa, kasuwa takan canza fuska. Lokacin ne ake ɗaura aure, lokacin ne ake sauya babur, kuma lokacin ne magidanci kan tuna alkawarin da ya yi wa iyali tun bara na sayen kayan kallo. A da maganar ba ta da tsawo. Mutum ya shiga kasuwar Mafara ranar Talata, ko ya wuce Gusau ko Sakkwato, ya ɗauko bidiyo mai kaset ko 'yar VCD, ya haɗa da "Sangaya" ko "Wasila", shi ke nan gida ya ɗauki harama.

Yanzu kuwa sai mai shago ya jera masa kwalaye uku ko huɗu. Ga DVD da aka saba da ita, ga Blu-ray, ga wata an liƙa mata tambarin 4K, ga kuma wani ɗan abu kamar filas da ake soka wa talabijin a baya. Kafin mai saye ya buɗe baki, an riga an dafa masa mafi tsada, ana cewa, "Alhaji, wagga ita aka yayi, har intanet gare ta." To, a nan ne mutane da dama ke zubar da kuɗin guminsu, su kai kaya gida, bayan mako guda su gane an yi gudun gara an faɗa zago.

Daga kaset zuwa Blu-ray

Kallon gida ya daɗe da samun gindin zama a wannan yanki. Tun da "Turmin Danya" ya fito a Kano a 1990 kaset ya fara shiga ɗakunan mata. A Zamfara abin ya ƙara ƙarfi bayan gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, aka rufe gidajen sinima. Falo da tsakar gida suka zama sinimar kowa.

Kaset ya ba VCD wuri, VCD ta ba DVD. Bambancinsu yana cikin yawan ɗigon da ke haɗa hoto. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, kuma faifai ɗaya ba ya wuce minti 80, shi ya sa fim ɗin Indiya sai faifai biyu ko uku. DVD ta kai 720 da 576. Blu-ray, wadda ta fito a 2006, ta kai 1920 da 1080, wato ta ninka VCD kamar sau 20. Sai da aka sha dambe tsakaninta da HD DVD ta kamfanin Toshiba, har Toshiba ya miƙa wuya a Fabrairun 2008, waɗanda suka yi gaggawar sayen na'urarsa suka tashi a tutar babu. A 2016 aka fito da Blu-ray mai 4K, wadda ta ninka ta farko sau huɗu.

Wanda ya taɓa ganin faifan Blu-ray na asali a babbar talabijin ba zai yi musun kyansa ba. Hoto tas, sauti kuma kamar a cikin ɗakin ake yin abin. Ba ya tsayawa yana juyawa don sabis ya yi rauni, ba ya cin data ko ta sisi.

Amma ina faifan yake?

Tambayar da ya kamata mai saye ya fara yi ke nan, kuma ita ce ba a cika yi ba. Kasuwar finafinan Hausa ba ta taɓa komawa kan Blu-ray ba. Daga VCD da DVD sai ta faɗa hannun 'yan dawunlodin masu tura wa mutane fim a memori, daga nan ta wuce talabijin da YouTube. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014. A 2020 Aminu Saira ya fito da "Labarina", Lawan Ahmad kuma ya fito da "Izzar So" a tashar Bakori TV ta YouTube, daga nan finafinai masu dogon zango suka mamaye industiri. Yau idan uwargida ta ce a sa mata sabon fitowa, ba faifai take nufi ba.

Saboda haka wanda ya sayi Blu-ray don ya ga Ali Nuhu ko Nafisa Abdullahi da hoton 4K, ya sayi doki ne ba shi da filin sukuwa. Abin da zai riƙa sakawa a ciki bai wuce tsofaffin faifan DVD da ke cikin kwaba ba. Gaskiya ne na'urar za ta ɗan gyara hoton don ya cika fuskar talabijin, amma ba za ta ƙirƙiro abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Kuma akwai wani tarkon: da yawa daga na'urorin Blu-ray ba sa karanta VCD kwata-kwata, alhali ɗimbin finafinan Hausa na shekarun 2000 a kan VCD suka fito. 'Yar DVD mai araha ta fi su iya wannan aiki.

Hatta a ƙasashen da suka ƙirƙiro ta kasuwar ta ja baya. Oppo ya daina ƙera na'urorin a 2018, Samsung ya daina fitar da sababbi a Amurka a 2019, LG ya bi sahu a ƙarshen 2024. Sony da Panasonic ne manyan da suka rage.

Tarkon kayan gwanjo

Da yake sabuwa tana da tsada, akasari masu sha'awar Blu-ray sun fi karkata ga ta gwanjo. Ita ma da nata sharuɗɗan.

Na farko shi ne shiyya. Kamfanonin fim sun raba duniya gida uku a kan Blu-ray: Amurka tana shiyyar A, Nijeriya da sauran Afirka da Turai suna B, Indiya tana C. Faifan da aka kulle wa shiyya ba zai yi a na'urar wata shiyyar ba. A DVD kuma Nijeriya da Indiya duk suna shiyya ta 5, Amurka tana ta 1. Faifan 4K kuwa ba a kulle shi. Mai son finafinan Shah Rukh Khan na asali sai ya duba bayan kwali da bayan na'ura kafin ya biya.

Na biyu wuta. Na'urar da aka yi don Amurka wutar 120 take sha, ta Nijeriya kuwa 230 ce. Idan ba a rubuta 100 zuwa 240 a bayanta ba, aka soka ta kai-tsaye, ƙauri kawai za a ji.

Na uku, wanda ya fi cin mutane, shi ne intanet ɗin da ake tallar na'urar da shi. Manhajojin da ke cikinta suna tsufa kafin ita. A 2015 YouTube ya daina aiki a wasu talabijin da na'urorin Blu-ray na Sony da Panasonic ƙirar 2012 zuwa baya. A Yunin 2020 kuma wasu na'urorin Samsung da ke haɗe da intanet suka riƙa kunna kansu suna kashewa a ƙasashe da dama, sai da aka mayar wa kamfanin ya gyara. Shi kansa Sony, da ya sabunta samfurin UBP-X700 a 2025, cire manhajojin kallo ya yi ɗungurungum. Tambarin YouTube a jikin kwali ba shaida ba ce. A kunna a shago, a haɗa da wayar mai saye, a buɗe "Labarina" a gani da ido.

Darasin 2021

Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi masu dogon bayani a kan dogaro da intanet. A ranar 3 ga Satumba, 2021, hukumar sadarwa ta NCC ta sa aka rufe layukan waya a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata bayan kamar wata guda, ƙananan hukumomi kuwa sun fi wata biyu a rufe. A daidai lokacin an hana cin kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka.

Kallon fim shi ne mafi ƙanƙantar asarar da aka yi a wancan lokaci, kowa ya sani. Amma a gidan da yara ke zaune ba fita, dare ya yi tsawo, ba ƙaramin abu ba ne. Duk na'urar da ba ta iya komai sai da intanet ta koma ado. Abin da ya yi aiki shi ne dish, da tsohon faifai, da fim ɗin da aka riga aka tura a filas ko memori. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai yarda ya sayi na'urar da ba ta da ramin filas ba.

Ko da sabis yana nan, akwai lissafin data. A ƙiyasin kamfanin Netflix, wanda ya shigo Nijeriya a Janairun 2016, kallon awa ɗaya da hoto madaidaici kan ci har gig 1, da hoton HD har gig 3, da 4K kuwa har gig 7. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Iyalin da ke kallon awa biyu kowane dare da HD za su iya cinye gig 180 a wata. Waya tana da dabarar sauke fim a ajiye lokacin da data ke araha, na'urar Blu-ray ba ta da wannan.

Sai maganar lantarki. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tada janareta don kallo ya zama sai an yi shawara. Ita na'urar faifai ba ta cika wuce wat 30 ba, ɗan abin soka wa talabijin kuma bai kai haka ba, ƙaramar sola za ta ɗauke su. Masu shan wuta su ne babbar talabijin da manyan sifiku. Kuma da yake yawancin finafinan Hausa da fassarar Algaita sautin sifika biyu gare su, sifiku shida ba za su ƙara komai ba sai ƙara da damun maƙwabta.

To wacce za a ɗauka?

Ya danganta da gidan. Gidan da abin kallonsa finafinan Hausa ne da Indiya-Hausa, wanda shi ne mafi yawa, ya raba aikin gida biyu. Ya sayi DVD mai ƙarko wadda ke karanta VCD, mai ramin filas da na HDMI. Sannan ya sayi ɗan akwatin Android ko Fire TV Stick daban don YouTube da manhajar Arewa24, in talabijin ɗin ba ta zo da su ba. In manhaja ta tsufa, ƙaramin abu za a sauya. In sabis ya ɗauke, faifai da filas suna nan. Su biyun a haɗe ba su kai kuɗin Blu-ray mai 4K sabuwa ba.

Mai son finafinan Amurka da Indiya na asali, mai talabijin ta 4K, wanda kuma yake da hanyar samun faifai daga Kano, Abuja ko waje, shi ne Blu-ray ta dace da shi. Ya saye ta don faifai kawai, kada ya ƙara ko kwabo saboda intanet ɗinta. In akwai PlayStation 5 mai cin faifai a gidan, ba sai an sayi wata ba, domin tana karanta DVD da Blu-ray har mai 4K, sai dai ba ta karɓar CD da VCD.

Iyayen amarya masu haɗa kayan ɗaki kuwa, gara a rage girman sifiku a sa kuɗin a sitabilaiza. Wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke ta kashe na'urori fiye da tsufa. A kuma tanadi ɗan ƙyalle na rufewa, domin ƙurar hunturu ita ce ke makantar da idon da ke karanta faifai.

Akwai kuma haƙƙin 'yan fim a cikin wannan zaɓi. Fim ɗin da aka kalla a tashar furodusa ta YouTube yana kawo masa wani abu ta hanyar talla. Wanda aka turo a shagon dawunlodin, in ba da yarjejeniya ba, mai shago ne kaɗai ya ci. Satar fasaha ce ta durƙusar da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai da Bata a Kano, kuma babu mai son ganin an maimaita.

Su kuma tsofaffin kaset da faifan da ke jibge a kwabobin Bakura da Maradun, kada a raina su. Ba kowane fim na wancan zamani ne aka ɗora a intanet ba, wasu kamfanonin ma sun daɗe da rufewa. Mai yiwuwa kwafin da wata uwargida ta zo da shi cikin kayan aurenta yana cikin 'yan kaɗan da suka rage. Kafin a fita kasuwa ranar Talata, a buɗe kwabar nan a ɗauko faifai biyu, VCD ɗaya DVD ɗaya, a haɗa da filas a sa a aljihu. Na'urar da ta karanta su duka a gaban mai shago, ita ce za a yi ciniki a kanta.