Goga Itace, Buga Duwatsu da Sauran Zantukan Kunna Wuta a Daji

A fim, jarumi kan ɓata a daji, ya ɗauko sanduna biyu ya goga sau uku, sai ga wuta bal-bal. Daga can zancen ya shigo majalisa, bidiyoyin TikTok suka ƙara masa gishiri, har ta kai kowa na da dabarar da yake rantsuwa a kanta ba tare da ya taɓa gwadawa ba. A cikin waɗannan zantuka akwai na gaske, akwai masu rabin gaskiya, akwai kuma waɗanda ke iya raba mutum da idonsa ko ransa.

Goga itace da itace dai gaskiya ne. Har gobe mutanen Hadza na Tanzaniya da na San a Kalahari suna samun wuta ta haka. Sai dai ba gicciya sanduna suke yi ba. Siririn sanda ake kafawa a kan busasshen itace mai taushi da aka yi wa ɗan tsagi, a yi ta murza shi tsakanin tafuka kamar mai burga miya, ana dannawa ƙasa. Abin da ke fitowa baƙin gari ne mai hayaƙi, wanda in an dace yake zama garwashi ɗan mitsitsi. Wannan garwashin ake juyewa cikin dunƙulen busasshiyar ciyawa a yi ta hurawa a hankali kafin a ga harshen wuta. Wanda bai saba ba, ga yunwa ga gajiya, yawanci tafukansa ne za su ɗaye kafin ya ga hayaƙin kirki. In itacen ya sha raɓa kuwa, aikin banza ne.

Zancen cewa kowane dutse biyu aka buga za su ba da wuta ƙarya ne. Za ka ga walƙiya a cikin duhu, ka ji ƙauri, amma ba ta da zafin kama komai. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa ƙyastu ƙarfe ne da dutsen ƙanƙara: kaifin dutsen ke kankaro ɓurɓushin ƙarfe, ɓurɓushin ne ke ci da wuta ya faɗa kan auduga. Kafin a san ƙira, dutse mai ƙarfe a jikinsa ake nema. Gawar mutumin nan Otzi, wadda aka tsinta cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991 bayan shekaru kusan 5,300, an same ta da busasshen naman itace mai kama wuta, da ɓurɓushin irin wannan dutse a jikinsa. Mutumin bai dogara da abin da zai tsinta a hanya ba, da kayansa ya fito daga gida.

Laitar da gas ɗinta ya ƙare kuma, kada a yar. Ɗan “dutsen” da ke cikinta haɗin ƙarfe ne da wani masanin Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya ƙirƙiro a 1903, tartsatsinsa na kaiwa kimanin digiri 3,000 a ma'aunin Salsiyas. Ba zai kama ƙirare ba, amma audugar rimi ko ta gona da aka yayyaga nan take za ta ɗauka. Wani lokaci ma laitar ba ƙarewa ta yi ba, sanyi ne: gas ɗinta ba ya tashi idan zafi ya sauka wajen digiri 0. A sa ta a hamata na ɗan lokaci, ta dawo.

Tabarau fa? Ya danganta da na wane ne. Gilashin karatu irin na dattawa yana tara hasken rana wuri guda, yana iya ƙona tsumma da tsakar rana. Na wanda ba ya hangen nesa warwatsa hasken yake yi, ko a kwana ana riƙe da shi. Ledar fiya wata da aka matse ta yi ƙwallo ita ma tana yi, in rana na da ƙarfi kuma hannu ba ya rawa. Batir da soson ƙarfe mai laushi su ma gaskiya ne. Amma huda batirin waya da wuƙa wauta ce tsantsa: yana fashewa da hayaƙi mai guba, ga shi ka lalata abu ɗaya da zai iya kiran masu ceto. Haka watsa fetur, domin tururinsa ne ke kamawa, kuma yana biyo hanya har zuwa galan ɗin da ke hannunka.

A ganina, duk wannan gardamar tartsatsi kauce wa inda matsalar take ne. Mafi yawan wutar da ta ƙi kamawa, da ashana aka ƙyasta ta. Mutum ya ɗora guma-gumai ya ƙare kwali guda a gindinsu. Kafin ƙyastawar farko ya kamata a tara yayi da ciyawa, sai ƙirare sirara, sai masu kauri, a kare iska, a kuma share kewaye har ƙasa, musamman da hunturu da daji ke jiran tartsatsi ɗaya. Inda babu itace, busasshen kashin shanu ko na raƙumi makamashi ne.

Ana kuma cewa in akwai wuta babu dabbar da za ta matso. Tana rage haɗari, amma ba garanti ba ce. A 1898, zakuna biyu na Tsavo a Kenya sun yi watanni suna janye ma'aikatan layin dogo daga tantinsu, duk da shingen ƙaya da wutar da ake kwana ana izawa. Kunamar da ke ɓoye cikin itacen da ka rungumo ma ta fi kusa da kai.

Sai babbar ƙaryar, wai wuta ce farkon abin nema. Masu horar da ceto na da ƙiyasin uku-uku: minti 3 babu iska, awa 3 babu mafaka cikin tsananin sanyi ko zafi, kwana 3 babu ruwa, mako 3 babu abinci. Tunatarwa ce kawai, lambobin na sauyawa, amma jerin daidai ne. Wanda mota ta mace masa a hamadar Tenere, inuwa da tattalin ruwa ne a gabansa, kuma gumin da zai zubar wajen murza itace asara ce. Wanda ruwan sama ya jiƙe shi da dare a tsaunin Mambila kuwa, wuta da mafaka ne a gaba, domin sanyi na iya kayar da shi tun bai ji ƙishi ba. In an samu ruwan tafki, tafasar minti 1 na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire gishiri ko maganin feshi. Kada a shigar da garwashi cikin rufaffen tanti ko mota, iskarsa marar wari na kisa cikin barci. Domin masu nema su hango ka, ɗanyen ganye ake zubawa da rana saboda hayaƙi, da dare kuma a hura wuta uku a jere.