Mai haƙuri yakan dafa dutse: Sana'ar narka gilashi a yi kayan ado

Mun saba kiran ƙwayoyin adon da ake ratayawa a wuya da sunan duwatsu, amma da yawa daga cikin waɗanda muke gani a Kasuwar Kurmi ko cikin kayan lefe gilashi ne. Wasu daga masana'anta suka fito, wasu kuma hannu ne ya yi su, wani lokaci ma da irin kwalaben da muke shurewa a bakin hanya. A wannan makon mun duba wa ƙannenmu na sakandare wannan sana'a: yadda ake narka gilashi a yi 'yan kunne da abin wuya da awarwaro, da kuma ko mutum zai iya dogara da ita.

Ba baƙuwar sana'a ba ce

A Ile-Ife, a wani wuri da ake kira Igbo Olokun, masu binciken kayan tarihi sun tono dubban tsakiyoyin gilashi da tukwanen narka shi, na tsakanin ƙarni na 11 zuwa na 15. Gwajin sinadaransa ya nuna a nan aka haɗa gilashin, ba daga ƙetare aka kawo shi ba.

A Bida ta Jihar Neja kuwa, Masaga sun gaji aikin gilashi kaka da kakanni. Suna narka kwalabe a wutar zugazugi, su naɗe narkakken gilashin a jikin sandar ƙarfe, su fitar da tsakiya da awarwaro. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen duniya da suka yi fice a sana'o'in hannu.

Mutanen Krobo na gabashin Ghana su ne suka fi kusa da salon da muke magana a kai. Suna daka kwalba a turmi har ta zama gari, su tankaɗe, su zuba a mazubin yumɓu da aka shafa wa farar ƙasa don kada gilashin ya kama. A tsakiyar kowane rami suna soka sillen ganyen rogo. Idan aka sa a tanderun itace, garin ya haɗe, sillen ya ƙone, sai ya bar hudar da za a zura zare. Kowace Alhamis kasuwar tsakiya tana ci a Koforidua, kuma har daga ƙasashen waje ake zuwa sari.

Yadda ake dafa shi

A salon zamani, ana yanka fallayen gilashi masu launi, a jera wani bisa wani, a sa a tanderun lantarki mai ma'aunin zafi. Idan zafin ya kai wajen digiri 750 a ma'aunin Selshiyas, guntayen suna mannewa da juna amma kowanne yana nan da siffarsa. Idan ya kai wajen digiri 800, sai su narke su zama abu guda mai santsi, gefensa ya zagaye kamar ɗigon ruwa.

Narkakken gilashi yana da wata ɗabi'a: yakan nemi ya tsaya a kaurin milimita 6. Idan bai kai ba sai ya tsuke, idan ya wuce sai ya baje. Shi ya sa masu sana'ar suke ɗora falle biyu masu kaurin milimita 3. Bayan ya huce, a goge gefen, a huda shi ko a manna masa maratayin ƙarfe, a sa masa sarƙa ko ƙugiyar ɗan kunne.

Inda ake tafka asara

Abu biyu ne ke cinye jarin sabon shiga, kuma dukkansu muna karanta su a ajin fiziks.

Na farko, kowane irin gilashi yana buɗewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya huce, amma ba daidai da juna ba. Idan aka haɗa iri biyu da tsukewarsu ta bambanta, ɗaya zai ja ɗaya har su tsage. Saboda haka gilashin da ake sayarwa don wannan aiki yana zuwa da lambar da ake kira COE, galibi 90 ko 96, kuma ba a gauraya su. Kwalba ba ta da irin wannan lamba a jikinta. Mai aiki da kwalabe ya fi samun kwanciyar hankali idan ya haɗa guntayen kwalba ɗaya, ko ya gwada kaɗan kafin ya zuba da yawa.

Na biyu shi ne hucewa. Bayan gilashi yana riga cikinsa yin sanyi, kuma wannan bambanci yana barin wani irin ɗauri a ciki da ido ba ya gani. Maganinsa shi ne a tsayar da zafin a wajen digiri 500 na ɗan lokaci, sannan a bar shi ya sauka sannu a hankali, kada a buɗe tanderu sai ya huce. Wanda ya yi gaggawa zai iya fitar da abin wuya mai kyan gani, ya sayar, bayan kwana biyu ya tsage a jikin mai shi. A nan ba kuɗi kaɗai aka rasa ba, har da suna, kuma a wannan sana'a suna shi ne jari.

A yi lissafi kafin a hura wuta

Kyan kaya ba ya nufin riba. Mu ɗauki misali. A ce kin kashe naira 16,000 a gilashi da ƙarafa da wuta da kuɗin mota, kin zuba ƙwaya 40. Idan duka suka fito lafiya, kowace ta tsaya miki a naira 400. Idan 8 suka fashe, sauran 32 ne za su ɗauki nauyin kuɗin, kowace ta koma naira 500. Wadda ta sa farashi bisa lissafin farko tana cin uwar kuɗinta ba ta sani ba. Kuma har yanzu ba mu sa ladan wahalarki ba, balle abin da za ki ware don gyaran tanderu.

Sai batun wuta. Tanderun lantarki yana aiki na sa'o'i, yana kuma jan wuta sosai. Idan aka ɗauke ana tsakiyar aiki, zubin gaba ɗaya zai iya lalacewa. Dole mai son sana'ar ya san da me zai dogara: janareta, ko haɗa kuɗi da abokai a riƙe tanderu ɗaya, ko tanderun itace irin na Krobo.

A kasuwa kuma akwai abokin gasa mai ƙarfi, wato kayan masana'anta masu araha. Ba za ka iya karya musu farashi ba. Abin da kake da shi wanda ba su da shi shi ne ka yi wa mutum abin da ya dace da shi: 'yan kunnen da launinsu ya hau da atamfar anko, ko abin wuya guda ɗaya tak da babu irinsa. Hoto mai kyau a hasken rana, a WhatsApp ko Instagram, yana jawo mai saye na farko. Ingancin kaya da cika alkawari ne ke dawo da shi. Ciniki yakan tashi lokacin sallah da bukukuwan aure, ya kwanta a wasu watanni, don haka da yawa suna haɗa ta da wata sana'a kafin ta tsaya da ƙafafunta.

Lafiya uwar jiki

Ƙurar gilashi tana illa ga huhu, ɓarɓashinsa kuma yana iya makantar da ido. Ba a daka ko yanka gilashi sai da tabarau na kariya da takunkumin da ke tare ƙura, kuma a jiƙe ake goge shi. Turmi da rariyar wannan aiki ba sa komawa madafa. Ba aikin da za a yi a ɓoye a bayan ɗaki ba ne. Sai da sanin iyaye da kulawar wanda ya iya.

Daga ina za a fara?

Ba sai ka mallaki tanderu ba. A hutun nan, sayi tsakiyoyi kaɗan, ka koyi shirya su da haɗa launi, ka sayar wa 'yan uwa da maƙwabta, ka rubuta kowace naira da ta shiga da wadda ta fita. Idan littafin ya nuna riba, kuma sha'awar ba ta gushe ba, sai a nemi wurin koyo a hannun masu aikin. Ga mai son zurfafawa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen fasahar gilashi, kuma hanyar zuwa can ta bi ta kimistiri da fiziks da lissafi.

Saboda haka idan malami ya zo kan darasin yadda zafi ke buɗa abubuwa, kada a yi gyangyaɗi. Wannan darasin ne ke raba wanda zai fitar da ƙwaya 40 lafiya da wanda zai kwashe fasassu.