Annobar 1348 Da Kisan Yahudawa A Turai: Tsoro, Bashi Da Rikicin Mulki

A ranar Asabar 14 ga watan Fabrairu na shekarar 1349, mutanen birnin Strasbourg, wanda a lokacin yake cikin Daular Jamus, suka tasa ƙeyar Yahudawan birnin zuwa maƙabartarsu, suka ƙone ɗaruruwansu da rai. Laifin da aka ɗora musu shi ne wai sun zuba guba a rijiyoyi domin su haddasa annoba. Abin lura shi ne, a wannan rana annobar ba ta ko iso birnin ba tukuna. Sai bayan 'yan watanni ta shigo, ta kuma yi ɓarnarta ba tare da ta tambayi addinin kowa ba.

Ita wannan annoba ta sauka a tsibirin Sisili ne cikin 1347, ta hanyar jiragen ruwan fatake da suka fito daga gabas. Kafin 1351 ta hallaka aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. Mutum ya kwana lafiya, ya tashi da zazzaɓi da kaluluwa a hammata ko matsematsi, kafin mako ya zagayo an binne shi. Ba wanda ya san sanadinta. Malaman likitanci na jami'ar Faris sun ce haɗuwar wasu taurari uku ce cikin 1345 ta gurɓata iska. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, daga baya aka tabbatar cewa ƙumar jikin ɓeraye ce ke yaɗa ta.

To, mutumin da ya ga mutuwa bai san daga inda ta fito ba yakan nemi wanda zai kama. Amma me ya sa Yahudawa? Da ma an daɗe da share fage. Babban taron shugabannin coci na 1215 ya umarce su da sanya suturar da za ta bambanta su da Kiristoci. Ƙagen guba ma ba sabo ba ne, domin cikin 1321 an yi wa kutare shi a Faransa, aka haɗa da Yahudawa. Saboda haka da aka kama wasu a ƙasar Savoy cikin kakar 1348, aka gana musu azaba a kurkukun Chillon har suka amsa laifin da ba su yi ba, sai aka kwafi jawabinsu aka aika birni-birni, kowace majalisa tana karantawa kamar tabbatacciyar shaida.

Ba kowa ne ya yarda ba. Fafaroma Clement na Shida ya fitar da takardu biyu cikin 1348 yana hana kisan, ya kuma kawo hujjar da ko yaro zai gane: Yahudawa ma suna mutuwa da cutar, kuma tana kashe mutane a ƙasashen da babu su. Ingila misali ce, domin an kore su daga can tun 1290, amma annobar ba ta tsallake ta ba. A Dimashƙa kuwa, matafiyin nan Ibn Batuta ya ga Musulmi da Yahudawa da Kiristoci sun fita tare suna roƙon Allah sauƙi. Ashe tsoro kaɗai bai isa ya bayyana abin da ya faru a biranen Jamus ba.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo. Coci ya haramta wa Kiristoci ba da rance da ruwa, ƙungiyoyin masu sana'a kuma sun rufe wa Yahudawa ƙofa, don haka da yawansu suka koma ba da rance. Manyan masu ƙasa da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu duk ana bin su bashi. A Strasbourg, shugaban majalisar birni, Peter Swarber, ya tsaya kai da fata cewa ba za a taɓa Yahudawa ba. Sai ƙungiyoyin masu sana'a, mahauta a kan gaba, suka haɗa kai da wasu manyan gidaje da suka daɗe suna harin kujerar mulki, suka tuɓe shi, suka ƙwace dukiyarsa, suka kore shi daga gari. Kwanaki kaɗan bayan naɗa sabuwar majalisa aka yi kisan. Nan take aka soke duk bashin da Yahudawa ke bi, aka raba tsabar kuɗinsu tsakanin ƙungiyoyin. Marubutan tarihin birnin na wancan ƙarni, waɗanda su kansu malaman coci ne, ba su ɓoye ba cewa dukiyar ce ta jawo wa mutanen ajali.

Saura wanda ya kamata ya kare su. Bisa doka Yahudawan daular bayin baitulmalin sarki ne, suna biyansa haraji mai nauyi, shi kuma yana ba su amana. Amma Sarki Charles na Huɗu yana fama da masu ja da sarautarsa, yana kuma neman kuɗi da goyon bayan birane. Cikin Yuni 1349 ya jinginar wa birnin Frankfurt Yahudawansa, ya kuma yafe tun da wuri duk abin da zai iya samunsu. Wata guda bayan haka aka kashe su. Cikin Nuwamba ya ba birnin Nuremberg izinin rushe gidajensu domin a yi kasuwa da coci. A farkon Disamba aka kashe mutum 562, kuma babbar kasuwar birnin da cocin Maryama suna nan a wannan fili har yau.

Inda hukuma ta tsaya da ƙafarta, kamar a Regensburg, jama'ar ta tsira. Strasbourg kuwa, wadda ta yi rantsuwar hana Yahudawa zama har shekara 100, ta sake buɗe musu ƙofa bayan kimanin shekara 20.