Ko Kun Sani? Yadda Ake Juya Allon Sulu a Iska

Kikfilif na cikin dabaru masu wuya a wasan allon sulu mai taya huɗu. Ɗan wasa yakan yi tsalle, allon ya yi juyi ɗaya cur a ƙarƙashinsa, sannan ya dira a kansa. Rodney Mullen, ɗan jihar Filorida ta Amurka, shi ya fito da salonta na yanzu a farkon shekarun 1980.

Tushenta shi ne tsallen da ake kira oli, wanda Alan Gelfand ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970. Wanda oli bai zauna masa ba, kikfilif ba za ta yiwu gare shi ba.

A kikfilif, ƙafar baya ce ke buga wutsiyar allon da ƙasa har ya tashi. Ta gaba, wadda aka ɗan karkace, sai ta goga sama zuwa hancin allon, ta fizge ta gefen da diddige yake. Aikin idon sawu ne, ƙarfin cinya bai da amfani sosai a nan. Masu koyo da yawa ƙasa suke shuri, sai allon ya gudu ya bar su; shurin gaba ake yi, kafaɗu na daidai saman allon. Da fuskarsa mai kaushi ta dawo sama, ƙafar baya ta cafke shi, a dira gwiwoyi a lanƙwashe.

Tsoro ke sa dira da ƙafa ɗaya, shi ya sa ake fara gwaji a kan ciyawa ko riƙe da shinge.